Gidan da Ke Jiran Sanyi

Mun san da zarar mai karatu ya gane inda wannan rubutu ya dosa, zai ɗaga kai ya ce, yau kuma me ya haɗa malamin adabi da gidan giya? Tambayar tana kan hanya, don haka gara mu amsa ta tun tafiya ba ta yi nisa ba. Mu dai ba ma shan giya, ba mu taɓa kai ta baki ba, hukuncinta a addininmu kuwa ba ɓoyayye ba ne ga kowa, balle a ce mun zo yi mata kwaskwarima. Sai dai Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, bai kuwa faɗi takamaiman wurin da matafiyi zai tsinci mabuɗin ba. Mu namu mun tsince shi ne a wani tsohon gida mai warin tsami a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, kuma ƙofar da ya buɗe mana ita ce ta sana'ar mahaifinmu, wadda muka daɗe da juya wa baya.

A watan Fabrairu na shekarar 2019 ne muka je ƙasar domin halartar wani taron ƙara wa juna sani a kan harsunan Afirka da adabinsu. Da aka tashi daga taron sai ya rage mana yini guda kafin ranar komawa gida. Wani abokin aiki ɗan ƙasar, wanda ya taɓa zama a Arewa har yana jin Hausa gwargwadon hali, ya ce zai kai mu mu ga wani abu. Mun zaci fadar sarkinsu zai kai mu, ko wani babban ɗakin karatu. Muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Midi, muka taka 'yar tafiya kaɗan cikin unguwar Anderlecht, wadda ta masu ƙaramin ƙarfi ce da baƙi, kusa da inda ake cinikin tsofaffin motocin nan da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma, waɗanda a gida muke kira 'yan Kwatano. A titin Gheude abokin namu ya tsaya a bakin wata ƙofa da ba ta da wani ado na a zo a gani. Da muka fahimci abin da ake yi a ciki muka ja da baya. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba sai ka sha ba. Gidan tarihi ne, ana shiga da tikiti. Ka yi kallo kawai, kuma ka bar hancinka a buɗe."

Muna sa ƙafa wari ya tarbe mu, warin danshi da tsohon katako da wani tsami-tsami irin na abin da ya daɗe yana tsimuwa a cikin duhu. Muka tsaya cak. Ba za mu ce iri ɗaya ne sak da wanda muka sani ba, amma 'yan ɗaki ɗaya ne. Tun muna ƙanana hancinmu ya san warin abu mai rai da aka rufe aka bar shi yana aikinsa, domin warin da ke tashi ke nan a karofin garinmu da sassafe, lokacin da marina suke ɗage murafen rijiyoyinsu. Mun kwashe fiye da shekara ashirin ba mu shaƙi irinsa ba, sai ga shi ya tarar da mu a tsakiyar Turai, muna sanye da rigar sanyi biyu. Za mu dawo kan karofin a gaba. Bari mu fara gabatar da masu gida tukuna.

Sunan gidan Cantillon. Wani mutum mai suna Paul Cantillon da matarsa Marie Troch ne suka kafa shi a shekarar 1900, a zamanin da birnin Burasel yake da gidajen dafa giya fiye da ɗari. Da farko saye suke yi daga hannun wasu, su gauraya, su sayar. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ne 'ya'yansa biyu, Robert da Marcel, suka fara dafa tasu, da tsofaffin injunan da suka sayo daga wani gidan da ya rufe. Waɗannan injuna masu juyawa da bel da ƙafafun ƙarfe su ne muka tarar ana aiki da su. Daga hannun Marcel gida ya koma hannun surukinsa Jean-Pierre Van Roy, mijin 'yarsa Claude, daga shi kuma ya koma hannun ɗansu Jean Van Roy. Zuri'a huɗu ke nan a gida ɗaya, a kan sana'a ɗaya. Daga cikin gidajen nan fiye da ɗari kuwa, wannan ne kaɗai ya kai labari yana yin aikin yadda aka gada.

Abin da suke dafawa sunansa lambik, kuma ba a san shi da wani asali ba in ban da Burasel da ƙauyukan da ke kudu maso yammacinta, a kwarin kogin Senne. Kayan haɗinsa ba su da yawa. Kashi 65 cikin ɗari tsiron sha'ir ne, kashi 35 kuma ɗanyar alkama. Ana niƙa su a dama da ruwan zafi, a tace, sannan a tafasa ruwan na tsawon awa uku zuwa huɗu tare da busasshen furen wata itaciya mai yaɗo da suke kira hof. Sauran masu dafa giya sabon hof suke nema saboda ɗacinsa da ƙamshinsa. Su kuwa a nan sai sun ajiye shi kamar shekara uku a buhu, har ɗacin da ƙamshin su tafi, ya rage saura ƙarfinsa na hana abu lalacewa. Wato tun kafin a hura wuta ma, ɗaya daga cikin kayan haɗin ya riga ya ci shekara uku yana jira.

Muka hau wata matsattsiyar matakala ta katako zuwa can ƙarƙashin rufin gidan, inda abokinmu ya ce nan ne zuciyar aikin. Ɗaki ne marar haske sosai, a tsakiyarsa akwai wani makeken kasko na jan ƙarfe mai faɗi, marar zurfi, wanda ke cin lita 7,500. A jikin bango da rufi an bar kafofi da ake buɗewa iska ta shigo. Idan an gama tafasa ruwan hatsin nan, sai a turo shi da zafinsa a zuba a cikin kaskon da yamma, a buɗe kafofin, kowa ya tafi gida ya kwanta. Iskar dare ce za ta huce shi, kuma ita ce, tare da katakon ɗakin da gangunan da za a zuba shi a ciki, za ta sa masa ƙwayoyin halittar da za su tsima shi. Ba a zuba masa yis ko kaɗan. Masana sun ƙirga ire-iren waɗannan ƙwayoyi da dama a cikin lambik, har a shekarar 1921 suka raɗa wa ɗaya daga cikinsu sunan birnin, suka kira ta Brettanomyces bruxellensis. Saboda tsoron kada a kori waɗannan baƙi da ido ba ya gani, lokacin da rufin gidan ya tsufa aka sake shi, sai masu gidan suka mayar da tsofaffin falankan rufin a ƙarƙashin sabon.

Da gari ya waye sai a ɗura ruwan a gangunan katako. Bayan 'yan kwanaki zai fara tashi, kumfa tana fitowa ta bakin ganga tana malala, in ya lafa a toshe. Daga nan kuma sai haƙuri. Wata gangar shekara ɗaya za ta yi, wata biyu, wata uku, kuma a tsawon wannan zama wani kaso na abin da ke ciki yana bin jikin katako yana tafiya a iska, ba mai biyan asararsa. Ba a samun ganguna biyu da suka fito da ɗanɗano ɗaya, don haka aikin mai gida shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa, ya haɗa 'yar shekara ɗaya da 'yar biyu da 'yar uku, ya ɗura a kwalba, a kwantar da kwalaben su sake tsimuwa na wasu watanni. Wannan gauraye shi suke kira gez. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, babu littafin da za a buɗe a ga adadin da za a ɗiba daga wannan ganga da waccan. Ma'aunin yana kan harshen mai gida, shi kuwa a wurin ubansa ya koya, ta hanyar tsayawa kusa da shi shekara da shekaru.

Duk wannan aiki a wuyan abu guda yake rataye, wato sanyin dare. Ana so ma'aunin zafi ya tsaya tsakanin digiri 3 ƙasa da sifili zuwa digiri 8. In ya fi haka ɗumi, ruwan ba zai huce a kan kari ba, kuma miyagun ƙwayoyi za su riga na kirki shiga su ɓata shi. Saboda haka daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Afrilu kaɗai ake hura wuta a gidan. Sauran watannin shekara na wanke ganguna ne da ɗura kwalabe da sarrafa 'ya'yan itace. Ko da masu saye sun yi layi har bakin titi, in lokaci ya fita ya fita.

Mai karatu zai fi gane girman wannan taurin kai idan ya san cewa duniya ta daɗe da samun hanyar kauce wa jiran. Tun a shekarun 1870 Bajamushen nan Carl von Linde ya ƙera injin sanyaya wa masu dafa giya na birnin Munik, suka huta da jiran hunturu. A shekarar 1876 Louis Pasteur na Faransa ya fitar da littafinsa a kan giya, inda ya bayyana ƙwayoyin da ke ɓata ta da yadda za a kare ta daga gare su. A shekarar 1883 kuma Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke ƙasar Denmak, ya ware irin yis guda ɗaya tsantsa, aka riƙa renonsa ana zubawa. Daga nan sana'ar ta koma ta masana'anta: tukunyar ƙarfe a rufe ruf, zafi da sanyi a hannun inji, abin da aka dafa yau ya nuna cikin 'yan makonni, kuma na bana da na baɗi ba su da bambanci. Babban abin mamaki ma shi ne, hedikwatar kamfanin AB InBev, wanda ya fi kowane kamfanin giya girma a duniya, tana garin Leuven, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga wannan ɗaki mai kafofi.

Kada a zaci gidan ya iso yau ba tare da tuntuɓe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bakin mutane ya sauya, lemon kwalba da giya mai sauƙin ɗanɗano suka cika kasuwa, aka fara ganin lambik mai tsami a matsayin abin shan tsofaffi da 'yan ƙauye. Gidaje suka yi ta rufewa, wasu manyan kamfanoni suka saye su, waɗanda suka rage kuma suka koma zaƙaƙa nasu don a saya. A cikin wannan hali ne Jean-Pierre Van Roy, wanda aikin koyarwa ya karanta, ya karɓi gidan daga surukinsa a wajajen 1970, domin in bai karɓa ba rufewa za a yi. Shi ma da farko ya bi sahu ya zaƙaƙa, abin bai fisshe shi ba. Kafin shekarun 1970 su ƙare ya daina, ya koma ga tsamin da ya gada. A shekarar 1978 kuma ya yi dabarar da ta ceci gidan: ya mayar da shi gidan tarihi, amma bai kashe wuta ba. Mutane suka riƙa biyan kuɗi su shigo su ga ana aikin da idonsu, kuɗin tikiti yana toshe ɓarakar da ciniki ya bari, har zamani ya juyo, masu saye suka fara zuwa daga Amurka da Japan. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam a jerin abubuwan gado na bil'adama.

A yau Turawa suna yawan maganar sana'a mai ɗorewa wadda ba ta cin amanar muhalli, suna rubuta ta a jikin kwali da manyan baƙaƙe. A wannan gida ba mu ga an rubuta ta a ko'ina ba, a cikin aikin muka gan ta. Gangunan ba sababbi ba ne, waɗanda masu yin ruwan inabi suka gama amfani da su ne ake sayowa, a wanke, a ci gaba da mora shekara da shekaru. Dusar hatsin da ta rage bayan tacewa abincin shanu ce. Tun daga shekarar 1999 ba sa sayen hatsi sai wanda aka noma ba da takin zamani ko maganin feshi ba. Huce ruwa kuwa, wanda a masana'anta yake cin wutar lantarki, a nan iskar Allah ce ke yin sa kyauta. Har gizo-gizo ma yana da matsayinsa a gidan. Mun ga yanarsa jibge a kusurwoyi, muka ɗauka ƙazanta ce, sai abokinmu ya ce ba a taɓa ta, domin da bazara idan an kawo 'ya'yan itace ƙananan ƙudaje suna biyo su, gizo-gizon ne ke maganinsu, tun da ba za a fesa guba a ɗakin da ake renon ƙwayoyi masu rai ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Gidan da ya tsallake yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya tsallake sauyin bakin masu saye, yanzu abin da ke yi masa barazana ba ya hannun kowa a cikin gidan. A farkon Nuwamba na shekarar 2015 dare ya ƙi yin sanyi a Burasel, ma'auni ya tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 15, har ta kai Jean Van Roy ya zubar da dahuwa uku, ya kuma dakatar da aiki yana jiran yanayi ya gyaru. Jaridun Turai sun ɗauki labarin a lokacin. Wani bincike da aka fitar a shekarar 2018 tare da haɗin guiwar gidan ya nuna cewa kwanakin da suka dace da dahuwa sun ragu daga kamar 165 a farkon ƙarni na 20 zuwa kamar 140. Ɗumamar yanayin da ke tura hamada cikin gonakinmu, ita ce ke gutsure wa wannan gida hunturunsa. Mun tambayi abokinmu, me zai hana su sa injin sanyaya ɗakin kawai? Ya ce da sun yi haka da sun huta, sai dai abin da zai fito daga kaskon ba shi ne wanda kakanninsu suka bar musu ba.

A ƙarshen zagayen akwai wani ɗan zaure inda ake ba kowane mai tikiti abin ɗanɗanawa. Muka miƙa wa abokinmu rabonmu, muka nemi ruwa, muka zauna kusa da murhu. A nan ne karofin da muka ajiye a baya ya dawo mana gaba ɗaya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, marini ne, ubansa ma marini ne, a wani gari da ke kudu da Kano. Rijiya uku gare shi a karofi. Mun sha tsayawa muna kallon yadda yake zuba su: busasshen baba da toka da katsi a cikin ruwa, a rufe da murfin kaba, a bari kamar mako guda ko fiye ana motsawa da doguwar muciya, har kumfa mai sheƙi ta taso. Shi ma ba ya zuba wani sinadarin da zai tayar da ita, ƙwayoyin da ke jikin ganyen da bangon rijiyar su ne ke aikin, ko da yake shi ba da wannan suna ya san su ba. Cewa yake yi rijiya ta kama, ko ta yi fushi, ko ta mutu. Yakan tsoma yatsa ya taɓa a harshe, ya ce saura kwana biyu, kuma kwana biyun ne. Bambancinsa da mutanen Cantillon shi ne, su sanyi suke jira, shi kuwa da hunturu rijiyarsa takan yi nauyin tashi, ɗumi take so. Babu abin da ake zubarwa a banza. In rijiya ta gaji aka yashe ta, laka mai kaurin da ke ƙasa ita ake cuccurawa a shanya a ƙone, ta zama katsin da za a mayar cikin sabon zubi, ragowar kuma magina su saya su haɗa laso. Ba mu taɓa jin ya kira wannan da wani suna na musamman ba. A wurinsa haka ake yi, shi ke nan.

Shi ma zamani ya zo masa da nasa Hansen ɗin. Tun a shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma a hankali ya iso kasuwanninmu a gwangwani, mai arha, mai kama zane nan take ba sai an jira mako ba. Atamfa da yadi masu launi iri-iri suka biyo baya. Mahaifinmu ya daɗe yana ƙin shunin gwangwani, daga baya ya fara surkawa, kamar dai yadda Jean-Pierre ya zaƙaƙa nasa. Shi ma bai fisshe shi ba. Inda labaran biyu suka rabu shi ne a kan magaji. A can, malamin makaranta ne ya ajiye alli ya karɓi muciya. A nan kuwa, ɗan marini ne ya ajiye muciya ya ɗauki alli, kuma mu ne wannan ɗa.

Ba za mu ɓoye dalili ba, kunya ce. Muna 'yan aji ɗaya a sakandare aka fara yi mana ba'a a kan farcenmu da ke da shuɗi, domin shuni ba ya fita da sabulu ɗaya. Tun daga ranar muka fara neman uzurin ƙaurace wa karofi. Akwai wani hutu da muka zo gida muna shekarar farko a jami'a, mahaifinmu ya kira mu bayan sallar Isha'i ya ce, "Ban ce ka bar karatunka ba. Amma ka zo ka tsaya kusa da ni zubi ɗaya kawai, daga farko har ya kama, don ka san abin da ubanka ya sani." Muka ce, "To, Baba, sai dai wani hutun, wannan karon akwai jarrabawa a gabanmu." Ya ce, "Allah ya kai mu." Bai sake tayar da maganar ba, Allah kuma bai kai shi hutun da muke nufi ba.

Abin da ya fi ci mana rai a zauren nan na Burasel shi ne tuna cewa a cikin kundin digirinmu na uku akwai shafuka masu yawa a kan kirarin masu sana'o'in gargajiya, har da marina. Mun tattara kalmominsu, mun rarraba su aji-aji, mun kawo bayanin Heinrich Barth a kan rinin Kano da ya gani a shekarar 1851, masu jarrabawa suka yaba. Amma da za a ba mu baba da toka da katsi a ce mu tayar da rijiya ɗaya, da mun ji kunya. Mun adana sunayen abubuwa, su kuwa abubuwan mun bar su sun tafi. Jean-Pierre ya gina gidan tarihi ya bar wuta tana ci a ciki. Irin gidan tarihin da mu masu nazari muka saba ginawa kuwa, sai an tabbatar wuta ta mutu muke aza harsashinsa.

Da muka dawo Nijeriya, hutun farko da jami'a ta bayar muka kama hanyar gida, tafiyar yini guda cur daga inda muke koyarwa. Karofin yana nan, amma yawancin rijiyoyin sun cika da shara da leda. A duk zuri'armu mutum ɗaya ya rage da ya san zubi, wato ƙanen mahaifinmu, wanda tsufa ya riga ya zaunar. Muka gaishe shi, muka fito da wayar hannu muka kunna abin ɗaukar magana, muka ce, "Baffa, so muke ku ba mu bayanin yadda ake zuba rijiya, daga farko har ƙarshe, mu rubuta." Ya dubi wayar, ya dube mu, ya ce, "Ɗana, kashe abin nan. Rini ba a kunne yake ba, a hanci yake da harshe. In da gaske kake yi, nemo yara su yashe ta ubanka ta tsakiya, in zafi ya shigo mu zuba."

Aka yashe ta, aka gyara bangonta. Zubin farko bai kama ba. Baffa ya sunsuna ya ce mun cika toka, muka kwashe muka zubar, kuma a ranar mun ɗan ɗanɗani abin da mai gidan Cantillon ya ji a 2015. Na biyu ya kama. Farin ƙyallen da muka tsoma ya fito kore-kore, iska ta buge shi yana rikiɗa zuwa shuɗi a kan idonmu, Baffa yana zaune a kan tabarma yana dariya yana cewa bai kai na yayansa ba. Gaskiya ya faɗa. Ƙyallen yana nan shimfiɗe a kan teburin ofishinmu, ɗaliban da ke zuwa duba makinsu sun sha dafa shi ba tare da sun san mene ne ba.

Ba mu ce mun farfaɗo da sana'a ba. Rijiya ɗaya ce, mai ita kuma yana can wata jiha yana koyar da waƙa da ƙagaggen labari, ba ya zuwa sai hutu ya yi. Su mutanen titin Gheude sun sami wanda ya yarda ya zauna a gida dungurungum, duk da haka ba su da tabbacin hunturu zai ci gaba da zuwa musu yadda ya saba. Mu kuwa zafin da rijiyarmu take so yana nan, har ya yi yawa; mai zama ne babu. Ga ɗalibanmu da za su karanta wannan, da yawanku 'ya'yan maƙera ne da majema da masaƙa da masu daddawa. In an yi hutu kuka koma gida, wani dattijo ya ce ku zo ku tsaya kusa da shi zubi ɗaya kawai, kada ku ba shi amsar da muka ba namu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa Baffa lafiya, ya sa mu ga zubin baɗi tare da shi.